Wurin buga bulo na hanyar Kalgo: bulon ya yi, motar ce matsala

Bayan mun gaisa, abin da na fara roƙon mai wurin shi ne ya bar ni in jefar masa da bulo ɗaya. Ya dube ni, ya dubi yaransa, ya yi murmushi ya ce, "Malam, ɗauko wanda kaka so. In ya hwashe asarata ta, ba taka ba." Ban taɓa na sama ba, don na san na sama don idon mai saye ake jera shi. Na sa yaro ya zaro mini ɗaya daga can tsakiyar jeri, mai inci 9, na ɗaga shi daidai ƙirji na sake shi a kan busasshiyar ƙasa. Gefe ɗaya ya ɓantare kamar girman goro, sauran yana nan daram. Na ciro ƙusa daga aljihu na karce cikinsa, farin layi kawai ya fito, yashi bai zubo ba. A ranar na ba da kafin alƙalami.

Katangata ce ta koya mini wannan jifar. A watan Nuwamban 2023 na zagaye filina da ke wajen Gwadangaji da bulon wani wuri daban, shi ma ba zan kira sunansa ba. Araha ce ta ja ni, ga shi ranar da ka biya ranar ake sauke maka. Damina ɗaya ta bi ta kansa, layi biyu na ƙasa suka fara zubar da gari. In ka goga yatsa sai yashi ya biyo ka, inda awakin maƙwabta ke susa kuwa har kwarmi ya yi. Daga baya wani lebura da ya taɓa aiki a can ya ba ni labarin cewa buhun siminti ɗaya sai sun fitar da bulo kusan 50 a cikinsa, ruwa kuma sau ɗaya ake yayyafawa don a kore baki. Ai kuwa araha ba ta yi mini ado ba.

Ni malamin makaranta ne a Birnin Kebbi, ginin albashi da adashe nake yi: ɗaki 3 da falo, kicin, bayi 2. Irin ginin da in kuɗi ya ƙare sai a tattara kayan aiki a tafi, sai wani watan. Shi ya sa duk wani motsi na farashin siminti a jikina nake jin sa. A Oktoban 2023 da kamfanin BUA ya sanar da cewa buhu ya koma naira 3,500 a ƙofar masana'anta, mu nan har murna muka yi, tunda masana'antarsu ta Kalambaina ga ta nan kusa da Sakkwato, tafiyar awa biyu ce da 'yan mintuna. Ni dai ban taɓa sayen ko buhu ɗaya a wannan farashin ba. Zuwa Fabrairun 2024 buhu ya haye 10,000, har gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin aka ce a riƙa sayarwa tsakanin 7,000 da 8,000. A nan na ajiye maganar gini gaba ɗaya, ban sake komawa ba sai bayan damina.

Na kawo wannan ne don shi ne asalin abin da ya raba wuraren nan biyu. In siminti ya tashi, hanya biyu ce gaban mai buga bulo. Ko ya ƙara maka kuɗi, ka gani da idonka ka yi ƙorafi, ko ya ƙara yashi a kwaɓi, ba za ka gani ba sai bayan shekara. Wannan na hanyar Kalgo kuɗi yake ƙarawa. Bulonsa ya fi na kusa da shi tsada, kuma ba ya jin kunyar faɗa. Da na yi ciniki na matsa, cewa ya yi, "In kana son na wancan kuɗin sai in buga maka, amma ba ni sa hannu in ce maka na gini ne."

Na yi kwana biyu ina zuwa bayan an tashi makaranta, ina zama a kan benci ina kallon aikinsu, su kuma ba su hana ni ba. Yashinsu na gulbi ne, mai kaifi, wanda in ka dunƙule a hannu ka buɗe sai ya warwatse, bai ɓata maka tafin hannu da laka ba. Na ɗebi kaɗan na zuba a gorar ruwa, na girgiza na ajiye: laka da ta kwanta a sama siririya ce ƙwarai. Wannan gwaji ne da kowa zai iya yi, kuma yana da amfani, domin yashi mai ƙura da laka shi ke hana siminti kama ƙwayar yashin. Suna tankaɗe shi da raga kafin kwaɓi. Awo kuma da baro suke yi, baro 4 a buhu ɗaya, wato wajen kwanon sarki 16. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki 2 ne, ka ga ke nan kashi 1 na siminti ne da kashi 8 na yashi. Suna fitar da bulo 28 zuwa 30 mai inci 9.

Sai dai fa ko wannan bai cika ƙa'idar da injiniyoyi ke faɗa ba, wadda ita ce 1 da 6, kwanon sarki 12 a buhu. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, tana da ma'aunin ƙarfin da ya kamata bulo ya kai, amma ni ban ga na'urar gwaji a wurin ba, kuma ba su yi da'awar suna da ita ba. Abin da na yaba shi ne ba a ɓoye mini awon ba, kuma in ka kawo simintinka za su buga maka yadda kake so, ka biya yashi da ladan bugu. Haka na yi wa bulon harsashi: na kai buhu 18, aka buga mini kusan 400 a kan 22 kowane buhu. Waɗannan in ka ƙwanƙwasa su da cokalin gini ƙara suke yi kamar tukunyar da ta gasu.

Da injin girgiza suke bugawa, ba bugun hannu ba, kuma kwaɓin ba ya jagwab; ɗanshi ne kawai daidai yadda zai dunƙule. Amma inda suka fi burge ni wajen ruwa ne. Suna da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, akwai yaro guda da aikinsa ke nan, safe da yamma yana bin jeri da tiyo. Sabon bugu ana rufa masa tsofaffin buhuna da zana don kada rana ta gasa shi. Kowane jeri an rubuta masa ranar bugu da gawayi, kuma mai wurin ba ya yarda a loda wanda bai kwana 7 ba. Cewa yake "bai nuna ba," kamar mai maganar mangwaro. Da farko na ɗauka iyayi ne. Ashe siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, ruwa yake sha ya haɗe da shi, kuma sai ya yi kamar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. A garin da bazara ke wuce digiri 40, hunturu kuma ke tsotse ruwa ko a leɓen mutum, bulon da aka bari a rana tun ranar farko fuskarsa ce kawai ke taurare, cikinsa gari ne. Wancan na katangata ke nan.

To, yabon ya tsaya a ƙofar wurin. Daga inda bulo ya hau mota labari ya sauya.

Mota ɗaya gare su, tsohuwa, wadda sai an tura take tashi in ta kwana. Kashin farko na bulo 500 an ce mini Asabar da safe. Na tara magini da lebura 4, na sayi ruwa kura 3 wurin 'yan garuwa, muka zauna. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Sai Talata motar ta zo, wai bakanike ne ya riƙe ta. Kwana ukun nan na biya lebura kuɗin abinci ba a ɗora ko bulo ɗaya ba. Da ta zo ɗin ma, yaran da ke saukewa jifa suke yi daga sama, ɗaya bisa ɗaya, don su gama su koma wani lodin. Bulon da ya jure faɗuwa a kan ƙasa ba zai jure faɗuwa a kan ɗan'uwansa ba. Na ƙirga 23 da suka karye. An yi alkawari za a maye, an kuma maye, amma sai da na yi waya sau huɗu na kuma je da ƙafata. Magini ya yi amfani da wasu daga cikin karyayyun a wajen ɗaure kusurwa, inda dama rabin bulo ake bukata, don haka asarar ba ta kai yadda na zata ba. Amma ɓacin ran yana nan.

Sai maganar rubutu. Na ba da kuɗin bulo 1,500 a dunƙule don in kulle farashi, abin da aka yi kawai an rubuta sunana a wani littafin 'yan makaranta mai shafi 40. Rasit babu. Da aka zo kashi na uku, ɗan mai wurin da ke riƙe da littafin ya ce man dizal ya tashi, sai na ƙara kuɗin dako. Na ce ai da dako muka yi ciniki, ya ce shi bai ga an rubuta haka ba. Sai da tsohon ya dawo daga masallaci ya ce a bar shi yadda aka yi. Mutumin kirki ne, maganarsa ɗaya, amma ranar da ba ya nan fa? Duk mai zuwa wurin ya tafi da takardarsa, a rubuta adadi, inci, farashi, dako a kan wa, fasasshe a kan wa, kowa ya sa hannu.

Aibi na uku magini ne ya gano, ba ni ba. Injinsu biyu ne, kuma ma'aunin ɗaya ya ci, bulonsa yana gaza ɗaya tsawo da kusan rabin inci. In an gauraya su a layi guda sai magini ya riƙa cike gibin da kwaɓi, simintinka ne ke tafiya. Daga kashi na biyu na roƙa a riƙa loda mini na inji ɗaya kaɗai, kuma sun kiyaye.

Shi wannan maginin su ne suka haɗa ni da shi, saboda haka ina lissafa shi cikin hidimarsu. Dattijo ne mutumin wajen Argungu, da tubali ya fara sana'a a hannun mahaifinsa kafin ya koma bulo. Baba nake ce masa. Ya ƙi yarda a biya shi a kan ƙirgen bulo, ya ce mai ƙirge sauri yake yi, mai sauri kuwa ba ya duba igiya. Jinga muka yi mataki-mataki: harsashi, zuwa taga, zuwa lintal (kankaren da ake zubawa a saman ƙofofi da tagogi), zuwa rufi.

Aikinsa abin kallo ne ga wanda ke da haƙuri. Da asuba yake sa a jiƙa bulon da za a ɗora ranar, don busasshen bulo yana tsotse ruwan kwaɓi kafin ya kama. Da kusurwoyi yake farawa, ya ɗora uku-uku ya auna tsayuwarsu, sannan ya ja igiya daga wannan zuwa wancan ya cike tsakiya. Daidaiton gidan gaba ɗaya da siririyar tiyo mai ruwa a ciki ya fitar da shi, yaro na riƙe da baki ɗaya a can, shi yana nan yana zana alama da fensir. Gaɓa ba ta hawa kan gaɓa: kowane bulo sai ya hau tsakiyar biyun da ke ƙarƙashinsa, in lebura ya kuskure sai a sauke layin. Inda bangon ciki zai haɗu da na waje yana barin haƙora don su sarƙe, ba a jingina ɗaya da ɗaya kawai ba. Kuma ba ya wuce layi 5 a wuni, ko da rana na sama. Na taɓa ce masa, "Baba, ga sauran kwaɓi, a ƙara layi ɗaya mana." Ya ce, "Ɗana, na ƙasa bai kama ba, in na aza mishi nauyi gobe shi za shi gaya maka." Buhu ɗaya yana ɗora mana bulo wajen 50.

A harsashi ya sa aka cike ramukan bulon da kankare har zuwa inda daɓe zai hau, aka yi ciko da birji ana jiƙawa ana daddaɓewa, sannan aka shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba daɓen. Ledar nan ce na so in tsallake. Ya kai ni wani gida a unguwar ya nuna mini bango: daga ƙasa zuwa gwiwa fenti ya kumbura, farin gishiri ya fito, shafe yana faɗuwa. Danshin ƙasa ne ke hawa ta cikin bulo kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Kuɗin ledar bai kai na buhun siminti uku ba. Na yi shiru na saya.

Babbar rigimarmu a kan lintal ce. Da muka kai layi na 9, kuɗina ya yi ƙasa, rodi kuma ya yi tsada. Na ce a zuba lintal a saman ƙofofi da tagogi kaɗai kamar yadda na ga ana yi a wasu gidaje. Ya ajiye cokali ya ce, "Malam, lintal ɗamara ta. Ka taɓa ganin ɗan kokawa ya ɗaura rabin ɗamara?" Shi so yake a zagaye gidan kaf, rodi mai mita 12 ɗin nan ɗan mili 12 guda huɗu-huɗu, a ɗaure shi da ginshiƙan kusurwa, kankare kuma buhu 1, yashi kwanon sarki 4, tsakuwa 8. Na ji haushi, har na kai ƙara wurin kawuna wanda ya yi aiki a ma'aikatar ayyuka kafin ya yi ritaya, ina zaton zai goya mini baya. Kawu ya saurare ni tsaf ya ce tun ran gini ran zane, in ba ni da kuɗin rodi in jira. Wata biyu ginin ya tsaya a layi na 9, ina wucewa ina kallonsa kamar kango. Sai da na kwashi adashe a Janairun 2025 aka zuba. Har yanzu ban ce masa ya fi ni gaskiya ba, amma ya sani.

Kuskuren da na yi da kaina shi ne bangayen ciki. Na sa inci 6 don sauƙi, wanda ba laifi ba ne tunda ba su ɗauke da nauyin rufi. Amma ban kira mai wayarin ba sai da aka gama, ya zo da guduma da kurfi yana tsaga bango don binne bututu, a wurare biyu ya ɓula har ɗaya gefen. Da tun ana ɗorawa aka zura bututun ta ramukan bulon, da ba a taɓa bangon ba. Ga shi kuma inci 6 ba ya riƙe sirri, tarin yaro a ɗakin can sai ka ji shi kamar a kunnenka.

Akwai abin da bulon kowa ba zai ba ka ba, komai kyansa. Gidan da na tashi a ciki na tubali ne, bango mai kaurin kamu guda da wani abu, rufin azara, shafen makuba. A watan Afrilu in ka shiga ɗakin kakata da tsakar rana kamar ka shiga randa. Gidan bulo kuwa yini yake yana shan rana, da dare ya amayar maka da ita. Na tambayi mai wurin ko suna yin bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji a sa masa siminti kaɗan, irin wanda cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, ta daɗe tana tallatawa. Ya ce babu mai tambaya, mutane gani suke ginin ƙasa na talaka ne. Uwargida ma ba ta ba ni fuska ba. 'Yan'uwanta na cikin waɗanda ambaliyar 2020 ta rusa wa ɗakuna a bakin fadama, tun daga nan ba ta son jin kalmar ginin ƙasa, ko da na yi mata bayanin cewa wancan ƙafarsa ce ta jiƙa. Abin da muka iya shi ne Baba ya ƙara layi 3 a saman lintal don silin ya yi nisa da kai, muka fitar da baranda ta yamma, na dasa darbejiya biyu.

An yi rufi kafin ruwan farko na 2025, kuma gidan ya sha daminar nan tsirara, babu shafe a waje. Wannan ne gwajin da ya fi jifar da na yi. Na zagaya da ƙusata bayan ruwa ya ɗauke: bangon gabas da ruwa ke duka bai zubar da gari ba, ƙasan bango a ciki a bushe yake. Tsaga ɗaya na gani, siririya kamar gashi, a ƙarƙashin tagar ɗakin yamma. Baba ya zo ya duba, ya manna mata ɗan siminti a tsakiya ya ce a bar ta wata biyu, in mannin bai tsage ba to ba tafiya take yi ba. Bai tsage ba.

Wanda zai yi katangar gona ko shagon haya na wucin gadi, kuma yau yake son kaya, wannan wurin zai ɓata masa rai da tsada da jira. Wanda zai kwana da iyalinsa a ƙarƙashin bangon, ya je, amma ya ba da oda kwana 10 kafin ranar da yake bukata, kuma kada ya tara lebura sai ya ga bulo a ƙasa. Ni makon jiya na sake ba su odar 300 don a warware gefen katangar nan da ya ci a sake ɗorawa. Wannan karon takarda na hannuna da sa hannun tsohon da na ɗansa, mota kuma ta wani maƙwabcina na yi haya, ni zan tsaya a kan saukewa.